Ranar da bashi ya ƙaru da kansa: nazarin fom ɗin kwamfuta a wani shagon taki a Jos

Shagon da littattafansa, kafin Nuwamba 2022

Shagon yana kan hanyar Zariya, ba nisa da kasuwar Farin Gada inda ake hada-hadar kayan gwari a Jos. Taki yake sayarwa, kamfa da yuriya da sufa, sai irin kabeji da karas da latas da tumatir, da maganin feshi na ƙwari da na ciyawa. Yawancin masu sayen 'yan lambu ne, masu noman rani a bakin kogin Dilimi da waɗanda ke jan ruwa daga tsofaffin ramukan kuza a wajejen Rayfield da Bukuru. In damina ta ƙarato kuma, sai 'yan sari daga Mangu da Bokkos, ƙasar dankalin turawa, su fara shigowa.

Fiye da rabin cinikin bashi ne. Manomi ya ɗauki taki da iri a Nuwamba, ba zai fara biya ba sai ya sare kabeji ya kai Farin Gada, kuma ko a lokacin kaɗan-kaɗan yake kawowa. Ana riƙe wannan lissafi a manyan littattafai uku. Kowane manomi yana da shafinsa: a sama suna da laƙabi da unguwa da wanda ya tsaya masa, a ƙasa layuka na rana, kaya, yawa, farashi, abin da ya biya, saura. Akawun shagon, dattijo ne da ya haura hamsin, ya shekara 11 yana wannan aiki, kuma ya san yawancin shafukan da ka.

Matsalar littafin ɗaya ce, amma babba. Duk ranar da Alhaji mai shagon ya so sanin jimlar kuɗinsa da ke hannun mutane, sai an kwana biyu ana bin shafuka kusan 400 da kalkuleta, kuma in an maimaita ba a cika samun amsa iri ɗaya ba.

Nuwamba 2022: fom na farko

Ɗan ƙanwar Alhaji, ɗalibi mai karatun kwamfuta, shi ya ɗauki aikin. "Kawu, wannan ai aikin kwana biyu ne," in ji shi. Ya zaɓi Microsoft Access, manhajar rumbun bayanai da ke zaune a kan kwamfuta ba tare da buƙatar intanet ba. Tun 1992 take kasuwa, fayil ɗinta yana ɗaukar har gigabait 2, tebur guda kuma, wato jadawalin da ake jera bayanai a ciki, yana cin gurabe 255, kowane gurbi na bayani iri ɗaya kamar suna ko waya. Ta fuskar girma dai, shago irin wannan ba zai cika ta ba.

Ya gina babban tebur ɗaya mai gurabe 25. Goma sha biyu na farko na mutum ne: lamba, suna, sunan uba, waya, jiha, ƙaramar hukuma, unguwa, shekaru, jinsi, girman gona, mai tsaya masa da wayar mai tsayawar. Goma na kaya ne, wato kaya na ɗaya zuwa na biyar, kowanne da gurbin yawansa. Sai kwanan wata, abin da aka biya, da ƙarin bayani. A gefe ya yi ɗan ƙaramin tebur na kaya da farashinsu, ta yadda fom, wato fuskar da ake cike bayanai a kanta, zai riƙa leƙa farashi a can ya lissafa jimla da saura da kansa.

Fom ɗin kuwa bai zana shi da hannu ba. Ya bar manhajar ta jera guraben yadda suke a tebur, daga sama zuwa ƙasa. A kan babbar fuskar kwamfutarsa mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye komai ya fito tsaf. Fuskar laftof ɗin shago ƙarama ce, 1366 da 768. A kanta, akwatin abin da aka biya da na saura sun faɗa ƙasa, sai an gangara kafin a gan su. Yaron ya nuna wa akawu yadda ake gangarawa, ya koma makaranta.

Disamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: kurakurai sun fara fitowa

Na farko ya fito a mako na biyu. Fom a Access, in ba a saita shi ba, yana buɗewa ne a kan layin mutum na farko da ke cikin tebur, ba a kan farin shafi ba. Kuma manhajar ba ta jiran a ce mata ta adana; da zarar an bar layi ta riga ta ajiye. Sau da yawa akawu ya buɗe da safe, ya goge sunan da ya tarar ya rubuta na wanda ke tsaye gabansa. Manomin da ke layin farko ya yi ta sauya suna, bashinsa yana nan yana bin duk wanda aka rubuta a kai.

Na biyu lambar waya. An yi gurbin a matsayin na lissafi. Irin gurbin lamba da Access ke fara bayarwa iyakarsa 2,147,483,647, lambar wayar Najeriya kuwa ko an cire sifirin farko ta wuce haka nesa. Manhajar ta ƙi karɓa. Yaron, ta waya, ya sa aka sauya zuwa nau'in lamba mai faɗi. Ta karɓa, amma ta riƙa zubar da sifirin farko, lambobi 11 suka koma 10.

Na uku ya fi ɓuya. Windows ɗin laftof ɗin a kan tsarin Amurka yake, inda wata ke riga rana. Akawu ya rubuta 3/1/2023 yana nufin 3 ga Janairu, kwamfuta ta ajiye 1 ga Maris. In ya rubuta 25/1/2023 kuwa, da yake babu wata na 25, sai ta juya da kanta ta ajiye daidai. Ke nan ranakun 13 zuwa ƙarshen wata lafiya lau suke, na 1 zuwa 12 ne ke karkacewa, shi ya sa aka daɗe ba a lura ba.

Ana cikin haka sai ga canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya fito da sabbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a tsakiyar Disamba 2022, ya sa wa'adin tsofaffin 31 ga Janairu, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsabar kuɗi ta yi wuya. Manoman da ba su taɓa biya sai da kuɗi a hannu ba suka koma tiransfa, galibi ta asusun ɗa ko na maƙwabci ko na mai POS. Sai aka riƙa ganin kuɗi sun shigo da sunan da ba ya cikin littafi. Yaron ya zo ƙarshen mako ya ƙara gurabe uku: hanyar biya, sunan mai turowa, banki. Gurabe suka zama 28. Jin koken gangarawa kuma, ya ja akwatin abin da aka biya ya kawo shi sama, dab da suna.

Jan akwati daga wuri zuwa wuri ba ya sauya jerin da maɓallin Tab, mai tsallakawa daga akwati zuwa na gaba, ke bi. Tab yana bin tsarinsa na asali, sabbin gurabe kuma suna shiga ƙarshen jeri ko a ina aka ajiye su. Akawu da yatsa biyu yake bugu, idonsa a kan kibod. Ya rubuta suna, ya danna Tab, ya buga kuɗi, yana zaton yana cikin akwatin da ke kusa. Alhali ya faɗa gurbin sunan uba. Da aka zo bincike daga baya, an samu mutum 17 da sunan mahaifinsu ya koma adadin kuɗi.

Akwai kuma wanda zai ɗauki kaya iri shida, gurabe kuwa biyar ne. Sai a buɗe masa layi na biyu a sake rubuta sunansa, yau Muhammad, gobe Mohammed, jibi Mamman. Gurbin biya ma ɗaya ne tak, in mutum ya kawo kashi na biyu sai akawu ya tara da ka, ya goge tsohon adadi ya sa sabo. Ranar da aka biya kashin farko ta tafi ke nan.

Maris zuwa Mayu 2023: gyare-gyaren da aka gwada

An fara da launi: guraben dole ja, na kuɗi kore. Mai kallon kibod bai ga launi ba. An zaunar da akawu aka yi masa bita sau biyu. An ɗauko wani matashi mai saurin bugu ya riƙa taimakawa da rana. Ya fi sauri, kurakuran kwanan wata da na suna suka ci gaba da shiga da saurin da yake bugawa. Alhaji ya sayi babbar fuska aka haɗa da laftof, ta magance gangarawa, amma in an ɗauke wuta sai a koma ƙaramar, kuma ana ɗaukewa.

A hutun ƙaramar Sallah yaron ya raba fom ɗin zuwa shafuka huɗu masu kunnuwa a sama: mutum, adireshi, kaya, kuɗi. Ya yi kyan gani. Sai dai tambayar da kowane manomi ke fara yi, wato nawa ake bin sa, amsarta tana shafi na huɗu.

A wannan tsakanin akawu ya koma littafinsa ba tare da ya sanar ba. Da rana ya rubuta a takarda, bayan la'asar ya kwafe a kwamfuta. Aiki ya zama biyu.

Yuni zuwa Yuli 2023: bashi ya ƙaru da kansa

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, a tsakiyar Yuni kuma darajar naira ta faɗi a kasuwar canji ta hukuma. Kuɗin mota ya tashi, kayan da ake shigowa da su, irin maganin feshi da irin kayan lambu na gwangwani, suka bi. Alhaji ya sa aka sabunta farashi a ƙaramin teburin nan.

Bayan babbar Sallah, wadda ta faɗo 28 ga Yuni, wani dattijo mai lambun karas ya zo biyan ragowar bashinsa na Disamba. Matashin ya duba ya faɗi adadi. Dattijon ya yi shiru, ya cire hularsa, ya zaro rasit a naɗe cikin leda daga cikinta, ya miƙa wa Alhaji.

"Alhaji, tsakani da Allah, kamfa buhu shida na ɗauka, ga hannun malam nan. Yaushe bashi ya fara haihuwa a shagon nan?"

"Yi haƙuri, Baba, zauna. Malam, ɗauko littafi."

Littafi ya ba dattijon gaskiya. Kwamfuta ta ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tun da babu gurbin farashi a layin ciniki, fom yana ɗauko farashin yau ne ya ninka da yawan kayan da aka ɗauka wata bakwai baya. Kowane mai tsohon bashi an ƙara masa, kuma mutum tara sun riga sun biya ƙarin ba su sani ba. Kalmar da ta fi damun Alhaji ita ce wadda dattijon bai furta ba, wato riba, kuɗin ruwa. Ya mayar wa mutum taran kuɗinsu har gida, ya rufe laftof ya sa a durowa.

Agusta 2023: kwana uku a bakin kanta

A nan aka kira ni, ta hannun wani maƙwabcin shagon da na taɓa yi wa irin wannan aiki. Na roƙi kujera kusa da akawu, ban taɓa kwamfutar ba sai a kwana na huɗu.

Abin da na riƙa rubutawa shi ne jerin maganar da ake yi. Kusan ba ya sauyawa. Mutum ya yi sallama, akawu ya gane shi, sau da yawa da laƙabi ko unguwa: mai karas na Naraguta, dogon nan na bakin gada. Ya buɗe shafi, ya faɗi saura tun ba a tambaye shi ba. Daga nan ɗayan biyu ne, ko ɗauka ko biya. In ɗauka ne: "Malam, rubuta min yuriya biyu, kamfa ɗaya." Kaya, sannan yawa, sannan akawu ya faɗi farashi, wani lokaci a yi ragi in Alhaji ya gyaɗa kai. A kwana ukun nan ba wanda aka tambaya shekarunsa ko jiharsa ko girman gonarsa. Sabbin mutane huɗu kacal aka yi wa rajista, sauran duka tsofaffi ne.

Na yanka kwali daidai girman fuskar laftof, na yanka 'yan takardu a matsayin akwatuna, na ce wa akawu ya jera su yadda hannunsa ke so. Ya ɗan yi dariya, ya ce, "Injiniya, wasan yara za mu yi?" Ni ba injiniya ba ne, amma a Jos duk wanda ya buɗe kwamfuta ya ci sunan. Cikin minti goma ya jera, kuma abin da ya fito shafin littafinsa ne sak, sai dai ya ɗauke saura daga ƙasa ya kai shi sama ta dama.

Satumba 2023: sabon tsari

An raba babban teburin gida huɗu: manoma, ciniki, kayan da ke cikin kowane ciniki, da biya. Teburin farashi ya zama na biyar. Lambar da manhajar ke ba kowane manomi ita ke ɗaure su. A teburin kayan ciniki aka sa gurbin farashi. In an zaɓi kaya, fom ya kwafo farashin ranar ya ajiye a nan, ana iya rage shi in an yi ragi, kuma sauyin gobe ba ya taɓa shi.

Fom ɗin aiki na kullum ya tsaya cikin fuska ɗaya ba gangarawa. A sama ta hagu akwatin nema ne, wanda ke nuna suna da laƙabi da unguwa a jere, kuma ba ya karɓar sunan da ba ya cikin jeri. A sama ta dama saura, da manyan lambobi, a kulle, Tab ma ba ya tsayawa a kansa. Bayanan manomin da ke saman fom ɗin duka a kulle suke, ba za a iya goge kowa da kuskure ba. A tsakiya ƙaramin fom ne mai layuka, kaya, yawa, farashi, jimla, ko iri nawa mutum ya ɗauka. A ƙasa wani ƙaramin fom na biya: rana, adadi, hanya, sunan mai turowa. Kowane biya layinsa daban.

An sake jerin Tab ya bi wannan tsari, aka kuma hana shi tsallakawa zuwa manomi na gaba in ya kai ƙarshe. Kwanan wata yana cika kansa da ranar da ake ciki, yana fitowa da sunan wata a rubuce, an kuma sauya tsarin Windows ya koma rana kafin wata. Waya ta koma gurbin rubutu mai cin lambobi 11 cif. Rajistar sabon mutum ta koma fom nata daban, mai buɗewa fari fat, da gurabe shida: suna, laƙabi, unguwa, waya, mai tsayawa, wayarsa. Shekaru, jinsi, jiha, ƙaramar hukuma da girman gona an ajiye su a tsohon fayil.

Ni ma na yi nawa kuskuren. Na sa waya da mai tsayawa su zama dole, fom ba ya rufuwa sai an cika. A makon farko na tarar da mutum biyar lambarsu sifiri 11, uku kuma mai tsaya musu "Allah". Akwai manoman da ba su da waya, akwai waɗanda Alhaji ya san iyayensu ba ya neman kowa ya tsaya musu. Na cire dolen, na yi rahoton da ke fito da masu gurbi a buɗe, a cike in an samu.

Rasit ya ɗan ba da wahala: faɗin rahoton da ke buga rasit ɗin, haɗe da gefunansa, ya zarce milimita 210 na takardar A4, firinta tana fitar da farar takarda bayan kowace mai rubutu. Rage faɗin ya gyara.

Oktoba 2023: tsabtace tsohon bayani

Mako uku ya ci, da yamma bayan an rufe. Layuka 611 na tsohon tebur suka koma manoma 388. Farashin kowane tsohon ciniki da ranarsa daga littafin akawu aka ɗauko su, da kwafin rasit. Ciniki 14 ba a iya tabbatar da ranarsu ba, aka yi musu alama. An sayi filashi biyu, ana kwafar fayil kowace Alhamis, ɗaya yana kwana a gidan Alhaji.

Nuwamba 2023 zuwa Maris 2024: kakar rani ta farko

Matashin ya koma ɗaukar kaya, akawu ya koma kan kwamfuta shi kaɗai. Da sanyin Disamba, yatsu a ƙage, yana gama cinikin kaya uku ba tare da ya taɓa linzamin kwamfuta ba. An sauya farashi sau huɗu a kakar, ba bashin da ya motsa. A ƙarshen Maris aka gwada jimlar kwamfuta da ta littafi, bambancin ya fito daga ciniki biyu, duka biyun an manta rubuta su ne a littafi. Jimlar bashi da a da ke cin kwana biyu yanzu danna maɓalli ɗaya ne.

Me ya kawo matsalar, me ya gyara ta

Manhajar ba ta sauya ba, laftof ɗin ma ita ce, akawun shi ne. Alhaji ya daɗe yana zaton tsufan akawu ne, yaron kuma yana ganin rashin horo ne, shi ya sa gyaran watanni uku duka ya tafi kan launi da bita da sabon ma'aikaci. Ban ga laifin akawu a ko ɗaya daga kurakuran ba. Wanda ya rubuta 3/1 yana nufin 3 ga Janairu daidai ya rubuta.

A ganina kuskure iri biyu ne suka haɗu. Ɗaya na wurin da gurbi yake zaune a cikin rumbun: farashin ciniki da kashin biya abubuwa ne na rana guda, aka ajiye su inda gobe za ta goge su. Wannan ne ya jawo abin kunyar Yuli, kuma ba adon fom da zai rufe shi. Ɗayan na fuska ne: an jera akwatuna yadda mai gini ya tuno su, ba yadda ake magana a bakin kanta ba, aka cakuɗa rajistar da ake yi sau ɗaya da cinikin da ake yi sau talatin a yini. Yaron bai yi wauta ba. Abin da ake koya masa a aji ya yi, kuma bai taɓa yini a shagon ba. Littafin da aka so a jefar ya riga ya raba mutum da ciniki, yana rubuta farashi a kowane layi, kuma shi ne ya ceci bayanan a Oktoba.

Har yanzu littafin yana kan kanta, akawu yana cika shi, Alhaji bai hana ba. Akwai maganar buɗe reshe a Mangu, kuma fayil ɗin Access da ke zaune a laftof ɗaya a Jos ba zai yi wa shaguna biyu masu nisa haka aiki a lokaci guda ba. Alhaji ya ce a bar zancen sai bayan damina.